Huji Biyu Bayan Alwala

Haƙƙin da ke wuyan duk wanda aka damƙa wa mai ciwon zuciya domin ya motsa masa jiki guda ɗaya ne, kuma ba ya karɓar tawili: ya san yawan bugun zuciyar mutumin muddin yana hannunsa, sani na haƙiƙa ba na zato ba, ya kuma tsayar da shi kafin ya haye iyakar da likita ya gindaya masa. Wannan haƙƙi ne cibiyarmu ta ɗauka game da Alhaji Sabo ranar da ta karɓi takardar likitansa ta sa a fayil, kuma shi ne ta kasa saukewa. Na rubuta wannan bayani ne dominku, ku matasa huɗu da aka ɗauka aiki bana, tun da na ji ɗayanku yana gaya wa ɗan'uwansa a bakin ƙofa cewa aikin nan ai kallon agogo ne kawai. Na kuma aika kwafinsa ga Kwamitin Amintattu, saboda roƙon da zan gabatar a ƙarshe.

Shekara ashirin da shida ke nan ina wannan sana'a ta horar da marasa lafiya motsa jiki. Goma sha tara daga ciki na yi su ne a nan Garki, a wannan cibiya ta ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, inda likitoci ke turo mana waɗanda suka tashi daga ciwon zuciya da waɗanda hawan jini ya taɓa ya bari. Kowanensu yana zuwa da takarda, a jikin takardar kuma akwai lamba ɗaya: iyakar bugun da aka yarje wa zuciyarsa a minti guda. A kan wannan lamba sana'ar take tsaye.

Aikin farko da aka ba ni ƙirga ne a kan benci. Na fito daga kwaleji da takardar shaidar koyar da motsa jiki, aka tura ni sashen gashin ƙashi na wani asibiti, a ƙarƙashin Mama Saratu, mutuniyar Abaji, wadda take aikin jinya tun kafin a sa ni firamare. Ta karɓi takardata ta duba gaba da baya, ta jefa a aljihun tebur ta kulle. Sai ta miƙo mini wani tsohon agogo mai hannun sakan, ta nuna mini bencin da marasa lafiya ke jira, ta ce duk wanda ya zauna in kama wuyan hannunsa in ƙirga na sakan goma sha biyar, in ninka sau huɗu, in rubuta. Mutum na farko wani dattijo ne da ya zo gashin gwiwa, yana zaune yana gyangyaɗi. Na kama, na ƙirga, na kai mata ɗari da huɗu. Ta dubi lambar, ta leƙa dattijon, ta dube ni.

"Da wane yatsa ka kama?"

Na ɗaga babban yatsana.

"To, zuciyan ka ne ka ƙirga, ba na baba ba," in ji ta. Hausarta irin ta nan ce, ba ruwanta da namiji ko mace. "Wannan yatsa yana da nashi bugu. Ka tsorata, ka ƙirga tsoron ka, ka kawo mani. Koma."

Wata huɗu na yi a kan bencin nan kafin ta bari in tsaya kusa da mai tafiya a kan inji. A wurinta na koyi cewa shaidu uku ne a kan zuciya: yatsa da ido da kunne. Yatsa ya ƙirga. Ido ya duba leɓe da goshi da irin gumin, domin gumin aiki daban, gumin wahala daban, na biyun sanyi gare shi. Kunne kuwa, ka ja mutum da hira yana cikin tafiya. In ya kai magana ƙarshenta ba tare da ya tsaya neman numfashi ba, da sauran hali. Rajista kuma ba a cika ta da yamma daga ka. A tsaye ake rubutawa, a gaban mutumin, da biro ba da fensir ba. Rajistocin da na cika a cibiyar nan suna cikin kabad ɗin da ke bayan teburina, kowacce da lambarta a gadon baya, kuma duk abin da zan faɗa daga nan daga cikinsu na ɗebo shi.

Bel ɗin ƙirji na farko da na ɗaura wa mutum, sai da na yi kusan minti goma ina fama allon bai nuna komai ba, kafin in gane cewa ban jiƙa shi ba. Ku da ba ku taɓa riƙe shi ba, ga yadda yake: maɗauri ne na roba mai talewa, da wurare biyu masu santsi a ciki, da 'yar na'ura a tsakiya mai batir kamar kwabo. Ana shafa wa wurare biyun ruwa, a ɗaura shi a kan fata kai tsaye, ƙasa da nono, a ɗame yadda ba zai zame ba. Ba jini yake kallo ba. Ita kanta wutar da zuciya ke bayarwa a kowane bugu yake ji, ya aika wa allo. Saboda haka ko mutum yana wurwura hannu, ko yana riƙe da ƙarfen inji, babu ruwansa. Guda goma sha biyu muke da su, kowanne na rubuta masa lamba, ana wanke su da sabulu bayan kowane mutum a shanya a inuwa.

Ba zan ɓoye muku ba, mutane ba su son sa. Wani tsohon darakta ya taɓa tsayawa a tsakiyar ɗaki da babbar riga ya ce, "Ni zan tuɓe a gaban yaran nan? Ka san ko ni wane ne a ma'aikatarmu?" Sai da muka sa labule. Mata kuwa sai abokiyar aikina ta shiga da su ciki, ranar da ba ta zo ba su koma gida. Wasu suna ƙyamar abin da ya taɓa jikin wani, ko da an wanke. Ga sanyin ruwan a ƙirji. Duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe gaskiya ne, na kuma rubuta su yadda aka faɗe su.

Alhaji Sabo shi ne bai taɓa ƙorafi ba, sai tsokana. Bakano ne, mai shagon shadda da atamfa a kasuwar Garki, ya haura sittin. Ciwon zuciya ya kayar da shi a shago yana tsakiyar auna wa wata mata yadi, da ya tashi likita ya turo mana shi da lamba ɗari da goma. Litinin da Alhamis yake zuwa. Ya rufe shago, ya yi La'asar a ɗan masallacin da ke jikin katangarmu, ya shigo yana ɗaga riga tun daga ƙofa.

"Malam Garba, ga bijimin ya kawo kansa. A ɗaure."

"Alhaji, yaya kasuwa?"

"Kasuwa ta masu kasuwa. Ka ga wata jiya, sai da na sauke mata rabin shago, ta ce launin bai dace da motar mijinta ba. Mota za ta ɗinka wa?"

Da irin wannan hira nake auna numfashinsa, bai sani ba. Shekara uku ya yi da bel a ƙirji. Sau da yawa allo ya kai ɗari da tara na rage masa gudu, ya yi mini tsaki ya ce na raina ƙarfin Kanawa. Ko sau ɗaya bai haye iyakarsa ba.

Mummunar shekararmu ita ce wadda annoba ta sa aka rufe gari. Watanni cibiyar na kulle. Da muka buɗe, na tarar robar bel huɗu ta bushe ta tsattsage a cikin kabad, na kuma ja layi a ƙarƙashin sunayen waɗanda ba za su dawo ba. Waɗanda suka dawo kuwa, kusan kowa da sabon abu a wuyan hannu: agogo mai ƙirga taku da bugun zuciya, wanda 'ya'ya suka aiko ko suka sayo musu don su riƙa zagaya tsakar gida. Adalci ya wajabta in ce agogon ya yi rana. Mutanen da na yi shekaru ina roƙo su taka ƙafa, agogo ya tayar da su da 'yar girgiza ɗaya. Amma tun a makon farko na fara ganin halinsa. Wata Hajiya ta nuna mini taku dubu shida alhali ba ta fita daga ɗaki ba; da na bincika, ashe a hannun da take jan carbi take ɗaura shi. Wani Ardo mai kawo shanu kasuwa daga wajen Uke, wanda hawan jini ya haɗa mu, ya shigo yana murna.

"Malam, yau dubu goma sha biyu na yi."

"A ƙafa, Ardo?"

"A kan mashin. Amma ai jikin nawa ne ya girgiza, ba na wani ba."

Mun yi dariya a lokacin. Da na san inda abin zai kai mu, da ban yi ba. Shi agogo ba ya jin zuciya. Wani ɗan koren haske yake haskawa cikin fata, ya duba yadda jini ke ƙaruwa da raguwa a ƙarƙashinta, daga nan ya yi lissafi. In ya lafe a fata, mutum kuma yana zaune ko yana tafiya a hankali, lissafin yakan zo kusa. In ya yi sako-sako, yana rawa a hannu, hasken waje na shiga ta gefe, to abin da ya fi bugawa a kai a kai shi zai kama. A hannun mai tafiya kuwa, abin da ya fi bugawa a kai a kai ba jini ba ne, taku ne.

Bayan shekara biyu aka kawo mana sabon manaja, Faruku, matashi mai ilimi da ladabi, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. A taronsa na uku ya sanar da cewa an janye bel. Kowa zai riƙa ɗaura agogonsa, a haɗa shi da wata manhaja da ke nuna lambobin kowa a allo ɗaya a ofis. Za a riƙa liƙa sunayen waɗanda suka fi yawan taku a bango kowane wata, saboda haka a shawarci kowa kada ya cire agogon ko na minti ɗaya, don kada lissafinsa ya yanke. Sannan ma'aikata su daina kama wuyan hannun mutane sai in su suka nema, wai yana tsorata su.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai lafiya da ke neman rage tumbi, agogo ya ishe shi. Amma wanda likita ya rubuta wa lamba, a bar masa bel."

Ya ce, "Baba Garba, duniya ta wuce nan. Komai dijital ne yanzu. Mutanen nan iyayenmu ne, kullum sai mun tuɓe su mun shafa musu ruwa? Ai da kunya."

"Kunya ba ta kai mutum asibiti."

"An ji, Baba. A rubuta."

Na rubuta, sau uku, kowanne da kwafi a fayil. Aka kwashe bel takwas ɗin da suka rage aka kai sito. Wajibi ne in faɗi iyakar abin da na sani a lokacin: ƙin amincewata ta gaba ɗaya ce, ban san takamaiman ƙofar da haɗarin zai shigo ta ba. Kullum ina alwala a famfo ɗaya da mutanen nan, kafaɗa da kafaɗa, ban taɓa duban hannayensu ba. Wannan gazawa tawa ce, na kuma rubuta ta da sunana.

Abin da ya fara tsayar da ni shafin Alhaji Sabo ne. Manhajar tana da wata dabara: in ta ga mutum ya yi makonni a ƙasa da iyakarsa, sai ta ba da shawarar a ɗaga masa gaban injin tafiya ya zama kamar hawan tudu. Aka ɗaga wa Alhaji sau ɗaya, lambarsa ta tsaya a ɗari da shida zuwa ɗari da takwas. Aka sake ɗagawa, ba ta motsa ba. Shekara ashirin da 'yan kai ina kallon zukata, ban taɓa ganin wadda ba ta san tudu ba. Na ɗauki rajista na shiga ofis na nuna wa Manaja. Ya juyo mini da allonsa, ga layi miƙe sambal.

"Baba, ai wannan abin murna ne. Zuciyarsa ta yi ƙarfi. Har a bango za mu sa shi."

Aka ɗaga masa sau na uku.

Ranar wata Alhamis ce a cikin damina, an yi ruwa da rana an ɗauke. Alhaji ya shigo daga masallaci, hannayen rigarsa a naɗe, ya hau inji. Ina wajen Ardo ina auna masa jini. Bayan kamar minti goma sha biyu na lura da abu ɗaya: ɗakin ya yi shiru. Alhaji Sabo ba ya minti biyu bai tsokani wani ba. Na waiwaya. Goshinsa ya jiƙe da irin gumin nan, leɓensa ya yi toka-toka. Na matsa na ce, "Alhaji, yaya kasuwa?"

"Kasuwa... ta..." Ya tsaya. Ya ɗaga mini hannu. "Agogo ya ce... ɗari da takwas... Malam. Da saura."

Na dubi agogon, na dubi ƙafafunsa. Na ƙirga takunsa a raina na sakan goma sha biyar: ashirin da bakwai. Sau huɗu, ɗari da takwas. Agogon ƙafarsa yake ƙirgawa. Na karya dokar ofis na cafke wuyan hannunsa, sai yatsuna biyu suka shige ƙarƙashin agogon ba tare da sun taɓa shi ba, ya zame ya gangara kamar awarwaro. Na ƙirga. Talatin da takwas, kuma ba a jere suke zuwa ba. Ɗari da hamsin da biyu, a ƙirjin mutumin da likita ya ce kada ya wuce ɗari da goma.

Na sauke tudun, na rage gudun a hankali ina riƙe da damtsensa, domin ba a tsayar da irin wannan farat ɗaya. Kafin injin ya gama tsayawa gwiwoyinsa suka saki. Ni da Ardo muka tare shi muka kwantar, ana ta salati, aka kawo mota. Kafin in shiga motar na tsaya na rubuta lambar da lokacin. A asibiti likitan ya karanta, ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Kwana tara Alhaji ya yi a kwance. Allah Ya yi da sauran kwana.

A rana ta shida aka bari na gan shi. Agogon na kan ɗan teburin gefen gado. Na ɗauka na duba maɗaurinsa, sai na ga huji biyu ne suka sha aiki har suka buɗe: ɗaya na ɗamewa, ɗaya kuma gaba da shi da huji biyu.

"Alhaji, wa yake sassauta maka agogon nan?"

"Ni mana. In ban sassauta ba ruwa zai shiga ta ina? An ce kada a cire, lissafi zai yanke. To so kake alwalata ta rage tabo saboda agogo?"

"Bayan alwalar fa, kana mayarwa?"

"Haba Malam. Liman ya riga ya tayar da kabbara, wa ke ta huji? Daga masallaci kuma sai wajenku."

Washegari na tsaya a bakin famfo lokacin La'asar, kallo kawai na yi. Cikin mutum tara da suka shigo mana daga masallaci, bakwai sun sassauta agogo sun zura yatsa sun cuɗa ruwa a ƙarƙashinsa, kamar yadda ya kamata ga mai kyautata alwala. Ko ɗaya bai mayar ba. Biyar daga cikinsu suna da lambar likita a fayil. Wata da watanni dattawan nan suna hawa tudu da zuciya mai tabo, mu kuwa muna ofis muna kallon takunsu a allo muna cewa masha Allah. Wanda ya ƙera agogon bai yi tunanin alwala sau biyar a rana ba, kuma ba laifinsa ba ne. Mu da muke yin ta, mu ne ya kamata mu yi tunanin.

Don kada a ce zato nake yi, na roƙi mai riƙe da makullin sito ya ara mini bel ɗaya. Kwana biyar ina hawa inji bayan an tashi, bel a ƙirji, agogo a hannu. In na ɗame agogon, lambobin biyu sukan bi juna, sai dai agogon yakan makara a duk lokacin da tudu ya ƙaru. In na sassauta da huji biyu, bel ya yi ta hawa, agogo ya zauna a kan takuna. Na rubuta duka, na kai ofis.

A nan na ga rahoton da aka riga aka aika wa Kwamiti. Fom ɗin yana da gurbi da aka rubuta wa "Dalilin aukuwar lamarin". A cikin gurbin an rubuta kalma ɗaya, da hannu mai kyau: "Ƙaddara." A ƙarƙashi aka ƙara cewa na'ura ta nuna komai daidai har zuwa lokacin faɗuwa, aka liƙa hoton layin nan mai ɗari da takwas. Lambata ba ta ciki. Na karanta sau uku a tsaye.

"Ranka ya daɗe, ina ɗari da hamsin da biyun?"

"Baba, ƙirgan hannu ba shaida ba ne. Kuma ka san an hana kama hannu. In na sa, kai zan jawo wa magana. Ni rufa maka asiri na yi. Mutum dai ya tashi, mu gode wa Allah."

Ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, kuma na gode wa Allah kafin kowa ya tuna mini. Amma ba don a gwada imanin ma'aikata aka yi gurbin nan a fom ba. An yi shi ne don abin da ya faru kada ya sake faruwa. Wanda ya sa sunan ƙaddara a inda ya kamata ya rubuta "huji biyu", ya rufe bakin duk mai tambaya da kalmar da ba mai iya musawa, ya kuma bar ramin a buɗe. Tun daga ranar nake tsayawa a ƙofar masallaci ina cewa kowa ya ɗame agogonsa. Sakamakon da na samu takardar neman bahasi ce, wai ina tsoma baki a ibadar mutane ina kuma tayar musu da hankali. Na amsa ta, amsar tana fayil.

Saboda haka, ku matasa, in mutum ya tambaye ku wanne zai saya, kada ku amsa kafin ku tambaye shi ko likita ya rubuta masa lamba. In babu, yana son abin da zai tashe shi daga kujera ya ƙirga masa taku, ya sayi agogo, zai amfane shi; ku nuna masa inda ake ɗaurawa, sama da ƙashin wuyan hannu da faɗin yatsa biyu, a ɗame, ku kuma gaya masa maganar alwala ƙarara. In akwai lamba, bel ne, ko yana so ko ba ya so, ko darakta ne. Ba a rataya ran dattijo a kan cewa zai tuna da huji yana saurin samun raka'ar farko. Kuma kowanne ya ɗaura, in lamba ta ƙi motsi alhali aiki na ƙaruwa, kada ku yi murna. Ku kama hannu.

Shekaranjiya Alhaji Sabo ya kira ni a waya. Likita ya sallame shi ya dawo motsa jiki, amma ya rage masa iyaka zuwa ɗari. Muryarsa ta dawo.

"Malam Garba, bijimi na nan tafe ranar Litinin. Manaja ya ce wataƙila tsohon agogon ne bai da inganci, yarona ya aiko da sabo. Wannan har magana yake yi."

"Alhaji, yana da huji?"

"Har tara."

"In za ka yi alwala fa?"

Ya yi dariya har da tari. "Malam, ai salla ba ta canza ba don an canza agogo."

Ga Kwamiti an ce na'ura ta nuna komai daidai. Ga mai ciwon an ce ya sayo wata. Ba mai yiwuwa ba ne duka biyun su zama gaskiya.

A kan haka nake gabatar da roƙona ga Kwamitin Amintattu, cikin girmamawa. Ina roƙon a janye rahoton nan, a naɗa masu bincike waɗanda ba ma'aikatan cibiya ba, da likitan zuciya a cikinsu, su duba rajistata da takarduna uku na ƙin amincewa da sakamakon gwajin kwana biyar, su kuma tsaya da kansu a bakin famfo lokacin La'asar. Ina roƙon a binciki yadda aka ɗaga wa mai ciwon zuciya tudu sau uku bayan an nuna shakka a kan lambarsa, da yadda ƙirgan da aka yi a jikinsa ya ɓace daga rahoto. In binciken ya nuna laifina, a rubuta shi da sunana, ba zan ɗaukaka ƙara ba. Ina roƙon a gaya wa Alhaji Sabo da likitansa gaskiyar abin da ya kayar da shi, domin haƙƙinsu ne. Kafin a kammala duk wannan, ina roƙon a fito da bel takwas ɗin daga sito, a mayar wa duk mai lambar likita, a kuma soke dokar hana kama hannu.

Ina neman amsa a rubuce kafin La'asar ɗin ranar Litinin. Idan ba ta iso ba, ina sanar da Kwamiti tun yanzu, don kada a ce an yi ba da saninsa ba: Alhaji Sabo zai zo, zan tarbe shi, zan ba shi kujera, amma ba zan kunna injin ba.

Garba
Babban mai horarwa